Bolt, amfiya da wat: lissafin da ke nuna dalilin da wayar wuta ke narkewa

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, masu gyaran wuta ba sa samun sukunin zama. Ƙorafin da ake kawo musu kusan iri ɗaya ne kowace shekara: soket ya narke, wayar inbata ta yi zafi har tana wari, batirin da aka saya da tsabar kuɗi bai kai asuba ba, injin ban ruwa mai sola yana ta gurnani a fadama amma ruwan da yake fitarwa bai taka kara ya karya ba. Mai kaya zai ɗora laifin a kan 'yan wuta, ko a kan ɗan kasuwar da ya sayar masa da jabu, wani lokacin kuma da gaskiyarsa. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan asarori ana iya hango su tun kafin a ja waya ko ɗaya, da lissafin da bai wuce sau da rabawa ba.

Mutanenmu sun san bolt, domin kowa ya san batirin mota bolt 12 ne. Sun san wat, domin da shi ake cinikin ƙwan fitila da faifan sola. Lamba ta uku, amfiya, ita ce ba a cika tambaya ba, ita ce kuwa ke ƙona waya.

Manomin rani a fadamar Argungu zai fi kowa saurin kama zancen, domin kullum yana ganinsa a tiyon ban ruwa. Ƙarfin turin da inji ke yi wa ruwa, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyo a kowace daƙiƙa, shi ne amfiya. Matsewar tiyon da tsawonsa, waɗanda ke hana ruwa gudu yadda yake so, su ne turjiya, da om ake auna ta. Wat kuma shi ne aikin da turi da yawan ruwa suka haɗu suka yi a kowace daƙiƙa. Turi mai ƙarfi da ruwa kaɗan na iya yin aikin da turi kaɗan da ruwa mai yawa zai yi, amma na biyun sai da tiyo mai faɗi. A riƙe wannan, zancen gaba ɗaya a kansa yake.

Wanda ya ɗaure waɗannan abubuwa da lissafi wani Bajamushe ne, Georg Simon Ohm, malamin lissafi da kimiyya a wata makaranta a birnin Kolon. A 1827 ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da wayoyi masu tsawo da kauri daban-daban. Malaman ƙasarsa ba su karɓi aikin hannu bibbiyu ba da farko, sai a 1841 aka ba shi lambar yabo ta Copley a Ingila, kuma a taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris a 1881 aka tabbatar da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya, tare da sunan Volta na Italiya da Ampère na Faransa. Abin da ya gano shi ne:

bolt = amfiya × om

A littattafan makaranta V = I × R ake rubutawa. Idan ka san biyu, na ukun ya fito: turjiya ita ce bolt raba da amfiya, amfiya kuma bolt raba da turjiya. Lissafi na biyu, na ƙarfin aiki:

wat = bolt × amfiya

wato P = V × I. Duk sauran ƙa'idojin da ake haddace wa ɗalibai daga waɗannan biyu suka fito.

Ɗauki dutsen guga ka juya shi. A ƙasa, kusa da inda waya ta shiga, akwai ɗan rubutu: 230V, 1000W. Wutar gida a Najeriya a ƙa'ida bolt 230 ce. Raba 1000 da 230, ka samu amfiya 4.35, abin da dutsen ke ja ke nan idan wuta ta cika. Raba 230 da 4.35, ka samu kusan om 53, turjiyar ƙarfen da ke zafi a cikinsa ke nan. Idan kana da mita, wato 'yar na'urar da masu gyaran wuta ke auna bolt da amfiya da om da ita, cire dutsen daga soket, murɗa makunninsa, ɗora bakunan mitar a kan ƙafafun fulogi biyu, za ka ga lamba kusa da 53. In mitar ta nuna babu hanya kwata-kwata, wani abu ya tsinke a ciki, ko ƙarfen zafin ko fiyus. In ta nuna kusa da sifili, wayoyi sun haɗe, kada a sake jona shi.

Wat 1000 ɗin nan alkawari ne mai sharaɗi: sai in an ba dutsen bolt 230. Abin da ke tabbace a jikinsa om 53 ne. Ranar da aka kawo rabin wuta, mita ta nuna bolt 160, amfiyar da zai ja ita ce 160 raba da 53, kimanin 3. Ninka 160 sau 3, wat 480 da 'yan kai. Bolt ya ragu da kashi 30 cikin 100 kawai, amma zafin dutsen ya faɗi ƙasa da rabi. Dalili shi ne raguwar bolt ta ci sau biyu: ta rage turi, ta kuma rage amfiya, su biyun kuma ake ninkawa. Shi ya sa ake taƙaita shi da cewa wat daidai yake da bolt sau bolt raba da om. Mai wanki da guga da ya ce yau dutse ba ya ci, ba ƙarya ya yi ba.

Ɗaya gefen ya fi muni. Idan taransfoma ta samu matsala wuta ta hau bolt 280, dutsen nan zai fitar da kusan wat 1,480, rabi a kan abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Dutsen guga yana da abin da ke kashe shi in ya yi zafi, zai iya sha. Ƙwan fitila da cajar waya da talabijin su ne ke tafiya a irin wannan dare.

Tsohon ƙwan fitila mai zare, wanda yanzu ya fara ɓacewa daga kasuwa, yana da wani hali da ke rikita mai koyo. Mai wat 60 a bolt 230 lissafi zai ba ka om 880. Amma in ka auna shi a sanyaye, mita za ta nuna abin da bai kai 100 ba. Babu wanda ya yi kuskure tsakanin mita da lissafi. Turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa da zafi, zaren ƙwan kuma yana haura digiri 2,000 in yana ci. A daƙiƙar farko da aka kunna shi yana sanyi, turjiyarsa ƙasa take, sai ya ja amfiya ninki goma ko fiye. Shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa daidai lokacin da aka danna makunni.

To, duk wannan a kan kayan zafi ne: dutsen guga, hita, butar lantarki, risho. Kaya masu moto a ciki, irin su firij da famfon ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, halinsu daban ne, kuma nan ne mutane ke asarar dukiya. Moto yana da aikin da aka ɗora masa, dole ya juya. In bolt ya ragu, sai ya ƙara jan amfiya don ya cike giɓin, naɗin wayar da ke cikinsa ya ɗauki zafi. In wutar ta yi rauni sosai ma ya kasa tashi, ka ji firij ya yi gurnani na ɗan lokaci ya yi ƙas ya tsaya, bayan minti kaɗan ya sake. A duk wannan yunƙuri yana jan amfiya ninkin ba ninkin abin da ya saba. Wanda ya ji wannan ƙarar ya cire fulogi, ya tsirar da kwamfaresarsa.

Sitabilaiza tana taimakawa, amma ba ƙirƙirar wuta take yi ba. Don ta ba kayanka wat 1000 daga layin da ke kan bolt 160, sai ta ja aƙalla amfiya 6.25 daga layin a maimakon 4.35. In kowane gida a unguwa ya sa tasa, amfiyar da ke bin wayar fal-waya ta ƙaru, bolt ya ƙara faɗuwa, wanda ke ƙarshen layi kuma ba shi da sitabilaiza shi ke kwana a ciki.

Wani abu game da moto: a wutar gida, wadda ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa, bolt sau amfiya ba ya ba da wat ɗin gaskiya in kayan mai moto ne. Wani ɓangare na amfiyar yana zirga-zirga ne kawai tsakanin moto da layi ba tare da ya yi aiki ba, amma waya tana ɗaukarsa, tana kuma zafi da shi. Wannan ne ya sa ake rubuta ƙarfin janareta da inbata da kVA, wato bolt sau amfiya raba da 1000. A bisa al'ada ana ninka shi sau 0.8 a samu kilowat, don haka janareta mai kVA 2.5 a ɗauke shi a matsayin wat 2,000. Mai sayarwa ba zai faɗa maka haka ba, babbar lambar ita ke jawo ciniki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Waya ma tana da turjiya. Kaɗan ce, shi ya sa ake mantawa da ita. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5 (da murabba'in milimita ake auna shi), wadda ake ja wa soket, tana da kimanin om 0.007 a kowace mita ɗaya ta tsawo. Mai 1.5, ta fitila, kimanin om 0.012. Zafin da waya ke fitarwa kuwa lissafinsa shi ne amfiya sau amfiya sau om, wato P = I × I × R. Amfiya sau biyu ta shiga. In ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. In ta ninka huɗu, zafi ya ninka 16. Babu bolt a cikin wannan lissafi ko kaɗan.

A wani shagon cajin waya da sayar da ruwan sanyi a Jega na ga wannan ƙa'ida tana aiki a fili. Inbata ce mai bolt 12, batir yana ƙarƙashin benci, inbatar tana rataye a bango, tazarar kamar mita biyu. An haɗa su da wayar soket ja da baƙa. Robar jan ta yi laushi ta koma ruwan ƙasa kusa da kan batir, in ka matsa ta da yatsa sai ta lotsa. Mai gyaran da aka kira ya taɓa ta ya janye hannu, ya dubi yaronsa wanda ya yi aikin tun farko.

"Kai, wace waya ce wannan?"

"Maigida, ai mai 2.5 ce. Irinta muka sa wa firizar Alhaji, ba ta taɓa ko ɗumi ba."

Yaron bai yi ƙarya ba, lissafi ne bai yi ba. Wat 1000 a bolt 230 amfiya 4.35 ne, waya mai 2.5 ko a jikinta. Wat 1000 ɗin nan dai, a ɓangaren batir mai bolt 12, amfiya 83 ne, in an haɗa da abin da inbatar kanta ke ci ya haura 90. Waya mai 2.5 kuwa amfiya 20 zuwa 25 ne iyakarta, gwargwadon yadda aka shimfiɗa ta. Mita biyu zuwa, mita biyu dawowa, mita huɗu ke nan, om 0.028. Ninka 83 sau 83 sau 0.028: wat 193 na zafi zalla a cikin 'yar gajeriyar wayar nan. Ban da haka, 83 sau 0.028 ya ba da bolt 2.3 da suka salwanta a hanya. Batir yana ba da 12, inbata tana ganin ƙasa da 10, sai ta yi ƙara ta ɗauke tana cewa batir ya ƙare, alhali yana da sauran caji. Mai shagon har ya fara zagin wanda ya sayar masa da batirin.

Magani iri biyu ne. Ko a ƙara kaurin waya: mai 25 turjiyarta kashi ɗaya cikin goma ce ta mai 2.5, zafin ya sauko zuwa wat 19, bolt ɗin da ke ɓata ya koma 0.23. Ko a ɗaga bolt: a jera batir huɗu a samu bolt 48 da inbatar da ta dace da shi, amfiya ta faɗo zuwa 21, zafin da ke cikin waccan siririyar waya ya koma wat 12. A ganina duk wanda kayan gidansa suka haura wat 1000 kuma aka ba shi shawarar inbata mai bolt 12, an yi masa arhar da za ta ci shi daga baya, ko a kuɗin waya ko a gobara.

Wannan dabara ta ɗaga bolt don a rage amfiya ita ce ke kawo mana wuta tun daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda ta fara aiki a 1968. Layin da ya taso daga can zuwa babbar tashar Birnin Kebbi bolt 330,000 yake ɗauka. Daga tashar ake sauke shi zuwa 132,000, wanda da shi ne layin ya miƙa zuwa Sakkwato, wani kuma ya tsallaka iyaka zuwa Yamai. Sai 33,000, sai 11,000, sai taransfomar unguwa ta mai da shi abin da soket zai iya ɗauka. Da a ce da bolt 33,000 za a turo wutar tun daga Kainji a kan wayoyin nan, amfiya za ta ninka goma, asarar hanya ta ninka ɗari. Ba za ta iso ba ma.

A fadama abin ya fi shafar aljihun talaka kai tsaye. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, manoman shinkafa da albasa da yawa sun karkata ga injin ban ruwa mai sola. A ce injin yana aiki da bolt 48 yana jan amfiya 10, wat 480 ke nan. Manomi ya kafa faifan a kan tudu saboda tsoron ɓarayi ko ambaliya, rijiyar tana mita 30 daga nan. Zuwa da dawowa mita 60. In ya ja waya mai 1.5, turjiyarta om 0.72, bolt 7.2 sun tafi a hanya, wat 72 sun zama zafi a cikin ƙasa, kashi 15 cikin 100 na abin da faifan suka samar. In ya sa mai kaurin 4, turjiyar ta koma kimanin om 0.28, asarar wat 28. Bambancin kuɗin wayar sau ɗaya za a biya shi, ruwan da ake rasawa kuwa kullum ne har a yi girbi. Wasu da suka ga ruwa ya yi ƙaranci sai su ƙaro faifai, alhali matso da waɗanda ke akwai kusa da rijiya ya fi sauƙi.

Duk wannan lissafi ya ɗauka cewa wayar ta gaskiya ce. A kasuwa akwai wadda aka rubuta wa 2.5 amma cikinta bai kai ba, an cika ta da roba. Akwai kuma ta alminiyom da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Kankare silin da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙasa ka gane ta, ga ta kuma ba nauyi a hannu. Alminiyom turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin 100, kuma yana saurin karyewa a wurin ɗauri. Mai mita yana iya gwada naɗi guda tun a shago: mita 100 na waya mai 2.5 ya kamata su nuna kimanin om 0.7. A fara haɗa bakunan mitar da juna a ga abin da su kansu ke nunawa, a cire shi daga sakamakon, domin ƙananan mitoci ba su cika komawa sifili ba. In naɗin ya nuna om ɗaya da rabi, a ajiye musu kayansu.

Amma mafi yawan soket da ke narkewa ba wayar ce ta gaza ba, wurin haɗi ne. Noti bai ɗauru ba, ko fulogi yana rawa a cikin soket, ko an murɗa waya biyu da hannu an naɗe da salatif. Irin wannan wuri yana iya samun turjiyar rabin om. Rabin om ba komai ba ne a ido. To, amfiya 10 su bi ta nan: 10 sau 10 sau 0.5, wat 50, dukansu a wuri ɗaya da bai fi girman farce ba. Ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narkar da dalma da shi wat 30 zuwa 60 ne. Zafi yana ƙara sa ƙarfen tsatsa, tsatsa ta ƙara turjiya, turjiya ta ƙara zafi, har ranar da roba za ta kama. Bireka, wadda ke yanke wuta da kanta in amfiya ta yi yawa, ba za ta faɗi ba, domin amfiya 10 ba ta wuce ƙa'ida ba. Hanci da tafin hannu ne kawai ke kama irin wannan: soket da ke ɗumi ko yake warin roba a buɗe shi, bayan an kashe wuta.

Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi, irin na Ingila, amfiya 13 ne iyakarsa. Sau 230, kusan wat 3,000. Istenshan mai baki huɗu ba ta ninka wannan sau huɗu ba, duk bakunan ta fulogi ɗaya suke sha. A jona dutsen guga mai 1000, hita mai 1500, buta mai 2000, jimla 4,500, raba da 230, amfiya 19.6. Fiyus ɗin cikin fulogi ya kamata ya tsinke. Abin da aka saba shi ne in ya tsinke a cire shi a murɗa silin waya a gurbinsa, daga nan kuma wayar istenshan ɗin ce za ta zama fiyus, a ƙarƙashin kafet ko bayan labule. Fiyus da bireka waya suke karewa, don haka da kaurin waya ake zaɓensu. Wanda birekarsa ke yawan faɗuwa ya canja ta da babba ba tare da ya canja waya ba, ya cire mai gadi ne ya bar ƙofa.

Kuɗin wuta ma daga nan yake fitowa. Yunit ɗaya a mita mai kati shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya. Fanka mai wat 75 da ta kwana tana juyawa awa goma ta ci wat-awa 750, kashi uku cikin huɗu na yunit. Hita mai 1500 a rabin awa ta ci daidai wannan. Cajar waya mai bolt 5 da amfiya 2, wat 10 ce, sai ta yi awa 100 kafin ta cinye yunit guda, don haka maigidan da ke faɗa a kan cajin waya ya bar hita a jone bai kama ɓarawon ba. Batir kuma: mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda. In na ruwa ne ko makamancinsa mai dalma, ba a so a sha fiye da rabi in ana so ya yi ƙarko, saura 1,200. Fanka biyu da talabijin da fitilu, a ce wat 250, ƙasa da awa biyar ke nan. Wanda ya kunna su da isha'i bai kamata ya yi mamaki ba in sun ɗauke kafin ƙarfe biyun dare.

A bayan kowane faifan sola akwai takarda mai lambobi. Biyu daga ciki, Vmp da Imp, su ne bolt da amfiyar da faifan ke bayarwa a lokacin da ya fi ƙwazo, kuma in ka ninka su dole su ba da wat ɗin da aka rubuta: misali 36 sau 8.3, kusan 300. In an rubuta 300 amma ninkin ya ba da 200, takardar ta tona kanta. Ko na gaskiyar ma, an auna shi ne a zafin digiri 25. Faifan da ke kan kwano a Yawuri ko Zuru da tsakar ranar Afrilu yana iya kai digiri 60, kuma irin waɗanda suka fi yawa a kasuwa suna rasa kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya hau, kusan kashi 14 ke nan, kafin a zo ga ƙurar hunturu. In an jera faifai kan wannan a wutsiyar wancan, bolt ke taruwa, amfiya ta tsaya yadda take. In an haɗa su kai da kai, wutsiya da wutsiya, amfiya ke taruwa, sai a nemi waya mai kauri. In na'urar caji za ta iya ɗaukar bolt ɗin, jeri na farko ya fi alheri a doguwar tazara.

Jikin mutum ma ƙa'idar Ohm yake bi. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, amma jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi a kan danshi na iya sauko da ita kusa da om 1000. Raba 230 da 1000, amfiya 0.23, wato miliamfiya 230. Na'urar kariya da ake sa wa gidaje don ceton rai a miliamfiya 30 take yanke wuta, daga nan za a gane nisan haɗarin. Hitar da ake tsomawa a bokiti ana taɓa ruwan da yatsa don a ji ko ya yi zafi, wannan lissafin ne a kanta. Batirin mota kuwa ba ya jan wanda ya taɓa kawunansa biyu, domin bolt 12 ba su isa su tura wani abin kirki ta cikin fata ba. Amma sifana ta faɗa tsakanin kawunan nan, turjiyarta kusan sifili ce, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta nan take, ta yi ja, batirin ma yana iya fashewa. Masu gyara da suka san aiki suna cire zobe da agogon ƙarfe kafin su sunkuya kan jerin batura.

Wajen awo, kowace lamba da hanyarta. Bolt ana auna shi wuta na kunne, bakunan mita biyu a gefe biyu na abin da ake aunawa. Om ba a auna shi sai an kashe wuta an kuma cire kayan daga layi, domin mitar tana tura 'yar wutarta ce ta cikin batirinta ta ga nawa zai wuce. Amfiya kuwa sai an yanke layi an sa mitar a tsakiya wutar ta bi ta cikinta, ko a yi amfani da mita mai baki kamar filaya wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba. Ita wannan waya ɗaya tak ake maƙala mata. In aka haɗa mai zuwa da mai dawowa a cikin bakinta, sai su soke juna ta nuna sifili ko da hita na tafasa ruwa. Kuma mitar da aka bari a kan awon amfiya aka cusa bakunanta cikin soket don a duba ko akwai wuta, turjiyar cikinta ba ta kai om ɗaya ba, bolt 230 kuma ke gabanta. In an yi sa'a fiyus ɗinta ne kawai zai tafi.